Arvid Koskela, Mai Ma'ajiyar Babura na Ironwood

Haihuwa da karatu

An haifi Arvid Koskela ranar 9 ga Maris, 1943, a garin Ironwood na jihar Michigan. Mahaifinsa, Eino Koskela, mahaƙin ƙarfe ne, mahaifiyarsa Helmi kuwa ita ke dafa abincin 'yan makaranta. Ya yi firamare da sakandare a garin, ya kammala a 1961 ba tare da wani malami ya taɓa yaba masa ba, domin hankalinsa kacokan yana wajen injuna.

Sana'a da aure

A 1963 ya kama koyon kanikanci, kuma a 1968 ya sayi baƙin babur ƙirar Ingila, sabo fil, wanda a kansa ya ɗauko amaryarsa Lorraine Maki daga coci a watan Yunin 1969. Da ya gaji rumbun ciyawar surukinsa a 1974, sai ya mayar da shi ma'ajiyar da mahaya ke kawo baburansu su yi hunturu, tun daga saukar dusar ƙanƙara har narkewarta.

Ƙa'idarsa ba ta sauya ba har ƙarshen rayuwarsa: a cika tanki maƙil, a zuba maganin da ke hana fetur lalacewa, a zagaya gari da babur ɗin domin maganin ya ratsa ko'ina, a cire batir, a rufe ƙofa. Abin da ya haramta ƙwarai shi ne al'adar mutanen garin ta tayar da babur na ɗan lokaci a tsakiyar sanyi wai don a ɗumama shi, alhali ba abin da hakan ke haifarwa sai gumi a cikin inji da tsatsa a salansa. Da aka soma gauraya fetur da sinadarin masara, wanda ke jan ruwa cikin tanki, sai faɗan nasa ya ƙaru.

An sha jin sa yana ce wa amininsa Duane Perala, shugaban ƙungiyar mahayan garin, "In za ka tayar da shi, hau ka yi tafiya har ya yi zafi. In ba za ka hau ba, cire hannunka. Jariri ne da za ka riƙa leƙa shi?" Duane kan kece da dariya ya ce, "To, fasto ya hau mumbari, kowa ya cire hula." Shekara arba'in da ɗoriya mahayan suna jin wannan magana, suna shan kofi a wurinsa, ba ta taɓa shiga kunnensu ba.

Shekarun tsufa

Bayan rasuwar Lorraine a 2011, ya tara 'ya'yansa da 'yan ƙungiya ya yi wasiyya guda tak: ranar da za a kai shi makwancinsa, baƙin babur ɗin ya shige gaba da ƙarar injinsa, autarsa Britta na tuƙi. Bai nemi fure ba, bai nemi jawabi ba.

Jinya

A ƙarshen Oktoban 2018, bayan ya kimtsa baburan jama'a duka, nasa ne kaɗai ya rage kamar yadda ya saba barin sa ƙarshe, sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi a bakin rumbun. Babur ɗin na tsaye da rabin tanki, ba magani, batir a jikinsa. Britta, wadda ke aikin jinya a Milwaukee, ta damƙa wa Duane mabuɗin rumbun bisa amana.

Abin da ya biyo baya abin takaici ne. Duane da 'yan ƙungiyarsa ba su cika tankin ba, ba su zuba maganin da ke nan jere a kan kanta ba. Maimakon haka, duk Lahadi bayan coci sai su taru su buga wa babur ɗin kik, su tsaya suna sauraron ƙararsa da ƙwalla a ido, su kashe, su tafi cin kek suna ganin sun cika haƙƙin zumunci.

A Disamba Duane ya kai masa labarin a asibiti, yana ta fara'a: "Kwantar da hankalinka, mutumina, duk mako muna ɗumama maka shi." Arvid, wanda harshensa ya yi nauyi, ya yunƙura har kofin ruwa ya kife, ya ce, "Ku bari! Za ku kashe shi!" Duane ya dafa kafaɗarsa ya ce wa sauran, "Kun ji ko? Tsoho ya warke, tunda faɗa ya dawo." Suka yi dariya suka fita, suka bar shi yana hawayen baƙin ciki, kuma Lahadi mai zuwa suka koma rumbun.

Rasuwa da jana'iza

Ya rasu ranar Litinin, 14 ga Janairu, 2019, yana da shekara saba'in da biyar. Kasancewar ƙasa ta daskare, kabari ba ya haƙuwa, aka ajiye gawarsa a ɗakin maƙabarta har bazara, su kuwa 'yan ƙungiya suka ci gaba da ɗumama babur, yanzu wai don tunawa da shi.

Ranar Asabar, 18 ga Mayu, aka fito da akwatinsa. A ƙofar coci Britta ta yi ta buga kik har gumi ya jiƙa baƙar rigarta; babur ya yi tari sau ɗaya, ya tofar da ruwan tsatsa, ya yi shiru. Da ta buɗe tanki ta ji warin ruɓaɓɓen mai, Duane ya matso yana cewa, "Ikon Allah, ga shi kuwa ba mu taɓa fashin Lahadi ba." Ta dube shi ta ce, "Na sani, Kawu Duane. Matsa." Ta kama kan babur ɗin ta tura shi da ƙafa a gaban motar gawa har maƙabarta, jama'a na biye ba a jin komai sai ƙarar sarƙar babur. An binne shi kusa da Lorraine.

Ya rasu ya bar 'ya'ya uku da jikoki biyar: Glenn, direban jirgin ƙasa a Duluth, Karin, malamar makaranta a Marquette, da Britta, wadda ta karɓe mabuɗin rumbun daga hannun Duane a bakin kabari, kafin a gama zuba ƙasa.