Sojan Japan a Cikin Ajamin Malam

Ko da zan manta komai na shekarun da na yi ina koyarwa a Katsina, wannan kam yana nan daram, domin har gobe idan na ji ƙaurin takarda sai gabana ya faɗi.

Tsohon malamina ne, shi ya koya mana adabi a kwaleji. Dogo, mai ɗingishi, ba ya son surutu. Mun san ya yi soja a yaƙin basasa kafin ya koma karatu, amma ko iyalinsa ba su taɓa jin labarin yaƙin daga bakinsa ba. Bayan ya yi ritaya nakan taso daga Kambarawa, inda nake aure, in leƙa gidansa a Ƙofar Sauri in gaishe shi.

Wata rana na same shi a zaure da wani ɗan littafin Turanci wanda bangonsa ya rabu. Ya ce cikin tsofaffin littattafai ya tsince shi a kasuwa, fassara ce daga harshen Japan. Marubucin, in ji Malam, yana ɗalibin adabi aka kwashe shi zuwa yaƙin duniya na biyu. Ya sha yunwa a daji, abokansa suka mutu ɗaya bayan ɗaya, da ya dawo ya tarar an ƙone garinsu. Ya zama malamin jami'a, yana ta nazarin littattafan wasu, bai ce uffan a kan abin da ya gani ba. Sai da shekaru suka ja sannan ya zauna ya rubuta wannan labari, daga nan wasu labaran nasa suka biyo baya.

Ni bakina ba ya da linzami. Na ce, "Malam, ina ruwan Bakatsine da mutumin Japan? Ko sunansa ba na iya faɗi."

Ya ce, "Ɗiyata, abin da na kasa hwaɗi shekara arba'in, shi ya hwaɗe shi."

Ashe shekara shida ya yi yana mayar da littafin Hausa. Da ajami ya rubuta, don da shi hannunsa ya saba tun ƙuruciya, a warwarin takardu, da tawada, kowane shafi ya buɗe da bisimilla. Ya jawo kwalin da yake ajiye takardun a ciki ya karanta mini wani wuri, inda sojan ya zauna kusa da abokinsa da ke gargara, yana jiran ya cika don ya ɗauke bargonsa. Nan Malam ya dakata da karatun. Ya ajiye takardar ya ce, "Ni ba bargo ba ne. Gorar ruwa ce."

Sannan ya roƙe ni abu ɗaya. "Kina da kwamfuta, kin iya ajami. Ki ɗauka ki buga da boko, ko yaran nan sa karanta bayan raina."

Na ce in Allah ya yarda, bari a yi hutu, kada in kai gida yara su yaga. Hutu ya zo, aka yi bikin ƙanwata. Wani hutun ya zo, ina makin jarrabawa. Gaskiyar magana kuwa kasala ce, da ganin cewa Malam ai yana nan. Sau ɗaya tak ya tuna mini, ina sa takalmi zan fita, ya ce, "Kwalin nan hwa yana jiranki." Na yi dariya na ce ban manta ba.

Farkon damina ya rasu. Ranar da na je ta'aziyya na ga kwalin da idona a kusurwar zaure. Zuciyata ta ce in yi magana, kunya ta hana ni. A ce mutum bai kwana uku a kabari ba, wata bare ta zo tambayar kayansa? Na ce bari a yi sadakar arba'in tukuna.

Bayan arba'in na koma. Matarsa, Hajiya, tana cikin takaba. Muka gaisa, ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri, ya yara, sannan na lallaɓo na tambayi takardun.

Ta ce, "Na cikin kwali? Ai zauren ya yi yoyo, gara kuma ta hwara cinsu. Ƙanensa ya ga bisimilla bisa kowace, ya ce ba a barin sunan Allah ƙasa ana takawa. Shekaranjiya aka ƙone su, aka rufe tokar gindin bishiya."

Shekaranjiya. Ban ga laifinsu ba, abin da aka koya mana duka ke nan, ni ma da ban sani ba haka zan yi.

Hajiya ta dube ni ta ce, "Addu'o'i ne ko? Kullum yana rubutu yana share ƙwalla, in na tambaya ya ce ba komai."

Ni kaɗai a duniya na san amsar, kuma ni na bari ta ƙone. Na sunkuyar da kai na ce, "E, Hajiya, addu'o'i ne." Allah ya yafe mini.

Ta ba ni ɗan littafin Turancin, yana wurina har yau. Na gwada fassara shi sau uku, duk na ajiye. Kalmomin na sani, amma ni ban taɓa zama ina jiran gorar wani ba. Mutumin Japan ya samu ya faɗi nasa, duniya ta karanta. Malam ya faɗi nasa sau ɗaya, ya damƙa a hannun wadda ke jiran hutu.

Abin da na koya ke nan, da tsada: in dattijo ya miƙo maka amana, karɓa a ranar, ko da ka za ka ɗauka. Kuma kunyar da ta hana ka ceto amana ba tarbiyya ba ce, sakaci ne.