Goron da Na Ba Direba

Abu biyu na ɗauko daga makarantar kwana waɗanda har yau suka ƙi sakina: hawan keke da wasan kurket. Keke dai babu wanda zai yi maka tambaya a kansa a Haɗejiya, sai dai a ce malamin makaranta guda, ga furfura ta fara leƙowa, me ya hana shi sayen babur. Kurket ɗin ne ya mayar da ni abin tsokana. Wani malamin lissafi da ya zo daga Indiya ne ya koya mana. Mutum ɗaya zai jefo ƙwallo mai taurin tsiya, wani kuma ya tsaya gaban turaku uku da faffaɗar sanda yana kare su. Babban wasa kwana biyar ake yi. Da malamin zai koma ƙasarsu ya bar mini sandarsa, ni kuwa na riƙe ta kamar gadon ubana.

Abokaina in sun leƙo sun tarar da ni gaban talabijin, sai su ce, "Malam, wannan wasa ne ko gyangyaɗi?" Ni kuma ba na sanya. Nakan ce wanda bai iya zaman minti goma ba tare da ihu ba, ai ba zai gane ba.

Dogon hutun makaranta da damina yake zuwa, lokacin kuma ake buga manyan wasannin. Sai na raba hutun biyu. In babu wasa, na yi wa keke iska, na ɗaura famfo da kayan faci a kariya, na shiga zumunci. Akwai gwaggona a Miga, wadda ba ta taɓa barina na dawo ba sai ta cika mini kariya da kuka da daddawa har keken yana rangaji. Akwai baffana a wajen Birniwa, mai dama fura da kansa don ya ce mata ba sa sa yaji yadda ya kamata. Ni mutum ne mai son sanin abu. Ina iya jingine keke na yi rabin sa'a ina kallon yadda masunci yake ɗinke taru, ina damunsa da tambaya har ya gaji ya ce na yi gaba.

Hanya ɗaya ce na yi damina uku ban bi ba, ita ce ta ƙauyen Kawu, yayan Inna mahaifiyata, can cikin fadama bayan Kirikasamma. Su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu, kuma shekara uku ba sa ga maciji da juna. Ni na jawo, kuma ni kaɗai na san haka.

Ga yadda aka yi. Da za a ɗaura auren autarmu, Inna ta naɗe goro a ɗanyen ganye ta ba ni. Ta ce, "Ka kai wa Yaya hannu da hannu. Ka durƙusa ka ce ni na aiko ka." A wurinmu babba irin Kawu ba a gaya masa biki ta waya ko ta kati. Ɗan gida ne zai taka ya je da goro, ya faɗa da bakinsa. Na sani sarai. To amma ranar ce rana ta biyar ta wani wasa da na bi tun daga farko, ga shi kuma an kawo wuta tun safe. Ina isa tasha na ga motar Kirikasamma tana lodi. Shaiɗan ya ce mini goro ai goro ne, ko a keke ko a mota. Na miƙa wa direba, na yi masa kwatance, na wuce gidan wani abokina na ɓuya gaban talabijin. Da yamma na dawo ina ɗingisa ƙafa kamar wanda ya sha tafiya, na ce wa Inna na kai, yana gaishe ta.

Kawu bai zo ɗaurin aure ba, bai aiko ba. Inna ta ɗauka ɗanta ya durƙusa gabansa ya ƙi ta. Daga nan ta daina ambatonsa. Sai dai duk ranar da na dawo daga yawona, takan dubi taɓon da ke jikin taya ta ce, "Ta ina ka bi yau?" In na faɗa, sai ta ce to. Gwiwoyinta suka fara ƙin ɗaukarta, idonta ya fara hazo. Tsoro ya kama ni sosai, kada ɗayansu ya rasu yana riƙe da ɗan'uwansa a kan ƙaryata. Amma kunya ta fi ƙarfina, kullum sai na ce gobe.

A damina ta huɗu sandar kurket ɗina ta tsage. Ina gwada bugu ne a tsakar gida ni kaɗai, na ji ƙas. Na kai wa kafinta, wai zai buga mata ƙusa. Ƙusa! Na fizge abata na fito kafin na faɗi abin da zai ɓata tsakaninmu. Inna tana jina ina ta mita, sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Da Yaya ne, kallo ɗaya zai yi mata." Kawu masassaƙi ne. Turmi, taɓarya, ƙota, filafilin tuƙa kwale-kwale, duk yankin wurinsa ake zuwa. Washegari na ɗaure sandar a jikin keke, ina gaya wa kaina gyara kawai zan je.

Ruwa ya riga ya sauko. Bayan na bar kwalta, turbar ta zama laka mai kama taya, sai na hau, sai na sauka na tura. Shinkafa ta yi kore shar hagu da dama, balbelu suna bin shanu, kukan agwagin ruwa ya cika kunne. A mashigi aka ɗora keken a kwale-kwale, mai fito yana kutsawa da mu ta wata siririyar hanya da aka sare cikin kacalla. Na tambaye shi yadda yake gane hanyar alhali duk ciyawar iri ɗaya ce. Ya ce yadda nake gane ƙofar gidanmu. Sai ya dubi sandata ya ce, "Wannan filafilin na jirgin yara ne?"

Na tarar da Kawu a gindin kanya yana feƙe ƙota. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa a taƙaice, bai tambayi kowa ba, bai ce na zauna ba. Na kwance sandar na miƙa. Nan fa fuskarsa ta sake. Ya juya ta, ya ƙwanƙwasa da farce ya kara a kunne, ya shinshina, ya ɗora ta a yatsa ɗaya yana neman inda nauyinta ya tsaya.

"Wannan icen ba na ƙasar nan ba ne," in ji shi. "Kuma dubi nan. Mariƙin daban yake, cusa shi aka yi. Wanda ya yi wannan ya san aiki. Me ake tuƙawa da ita?"

Na ce ba a tuƙi, ƙwallo ake bugawa.

"Ƙwallo? Da ƙafafun mutane suna ina?"

Na shiga bayani, shi kuma bai bar ni na kai ƙarshen ko jimla ɗaya ba. Me ya sa turaku uku, ba biyu ba? In mai jifa ya fasa maka kai fa, wa ya ci? Da ya gaji da bakina sai ya tashi ya kafa ƙotoci uku a ƙasa, ya ba ni wani guntun katako, ya ɗebo goruba a kwando. Tsoho mai shekaru fiye da saba'in ya ja da baya, ya jefo. Wallahi ban ma ga wucewarta ba, sai ƙarar ƙota na ji a bayana. Ya jefo ta biyu, ta same ni a ƙauri. Ashe mutumin da ya yi ƙuruciyarsa yana korar tsuntsayen jan-baki daga gonar shinkafa da hoge ba abokin wasana ba ne. Ya yi dariya har yana tari. Sannan ya tuna yana fushi, ya ɗaure fuska ya ce tsagar ba za ta gyaru ba, amma yana da busasshen icen giyayya, zai gwada sassaƙa sabuwa. Ya ce na dawo bayan mako.

Sau uku na koma a hutun nan. Ina zaune ina kallon gizago yana cin itace, kowane sara da faɗin farce. Ba ya awo da komai sai tafin hannu. Na tambaye shi don me yake sassaƙa kaɗan ya ajiye. Ya ce itace yana motsi bayan an taɓa shi, sai an ba shi kwana ya nuna inda zai karkata. Hirarmu ba ta wuce itace da kurket ba. Ko sau ɗaya bai ce yaya mahaifiyarka ba. Inna ma da na dawo ba ta ce yaya yake ba, sai dai ta ce, "Har yanzu a gindin kanyar yake aiki?"

A zuwa na uku sandar ta kusa fita. Yana goge ta da ganye mai kaushi, sai ya ce, "Kwana biyar ɗin nan ne ban gane ba. Wato magidanci da hankalinsa zai bar aikinsa ya zauna kallon wannan abu?"

Na ce yana yi.

"Ya bar gona? Ya bar kasuwa?"

Na ce, "Har aike yakan bari, Kawu." Daga nan na faɗa masa duka, tashar da direban da ɗingishin ƙarya. Na ce Inna ba ta sani ba, har yau tana zaton na durƙusa gabansa ya ƙi ta.

Bai daina gugar ba. Can ya ce, "A rumfar mai faci direban ya yar da goron. Kwana biyu yana nan, ya bushe. Wani mai wucewa ne ya miƙo mini ta kan danga." Ya busa ƙurar itacen. "Yarinyar da na goya a wuyana na haye ruwan nan da ita, yau ita ce za ta aiko mini da goro kamar kayan lodi. Abin ya ci mini rai. Shekara uku yana cina."

Na sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan ɓawon giyayya. Ina jira ya kore ni, sai na ji ya ce, "To wa ya ci?"

Na ce wa ya ci me.

"Wasan mana!"

Na ce babu wanda ya ci. Ruwan sama aka yi a can, aka tashi haka nan.

Ya ajiye sandar ya dube ni sama da ƙasa. "Kai amma an yi sakarai. Malamin makaranta!" Na miƙa hannu zan ɗauki sandar don na samu abin yi, ya buge mini hannu. "Ajiye. Je ka kawo mini gorona."

Gaya wa Inna ya fi wuya. Na same ta bayan la'asar, na zauna a ƙasa na faɗa. Da ta zage ni da na ji sauƙi. Sai kawai ta ce, "Ka sa na yi shekara uku ina ganin laifin ɗan'uwana. Ka cuce ni." Ta lalubi bakin zaninta ta goge ido. Da safe na tarar ta riga ta aika an sayo goro, manya farare, ta naɗe da kanta. Ba ta maimaita saƙon ba, ta san ban manta ba.

Ranar ma akwai wasa, kuma an kawo wuta. Ko kallon talabijin ɗin ban yi ba.

Na isa da hantsi, taɓo har gwiwa. Na cire takalmi, na durƙusa gaban Kawu, na miƙa da hannu biyu. Na ce, "Inna ce ta aiko ni. Ta ce a gaya maka za a ɗaura auren autarta." Autar nan kuwa 'yarta har ta fara gudu.

Ya karɓa, fuskarsa babu alamar wasa. "Madalla. Allah ya sanya alheri. Yaushe ne?"

Na ce shekara uku da suka wuce.

"To ai mun makara. Tashi mu tafi."

Ya shiga ciki ya sanyo babbar riga mai ƙamshin adaka, ya saɓa sandar a kafaɗa. Na goya shi a kariya har mashigi yana mini faɗa a kan kowane rami, daga kwalta kuma muka ɗora keken a kan mota. Sandar nan, gaskiya, ta fi ta asali nauyi nesa ba kusa ba, kuma bakinta ya ɗan buɗe kamar na filafili. Hannun mutum ba ya mance abin da ya saba. Ban taɓa gaya masa ba.

Inna tana tsakar gida tana tsince shinkafa a faifai muka yi sallama. Ba ta ganin nesa, amma muryar ta ishe ta. Faifan ya karkace, shinkafa ta zube, kaji suka yo kanta, ba ta kore su ba.

"Yaya?"

"Yau goron ya iso," in ji shi. "Ina amaryar?"

Ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa, ban san ko kuka ne ko dariya ba, ina jin duka biyun ne. Ya tsuguna gabanta da ƙyar, ya zaro goro ɗaya daga aljihu, ya ɓare, ya sa mata ɓari a hannu. Inna ta fi shekara biyar da daina cin goro saboda haƙori, amma ta kai shi baki.

Sai ta juyo inda nake tsaye riƙe da keke, karo na farko tun jiya.

"Kai kuma tsayuwar me kake yi? Ɗauko wa Yaya tabarma."