Sadori, Mai Dafa Ruwa a Kan Jinga

Ranar Laraba, ashirin da shida ga watan Zulhajji, daidai da uku ga Yuli na 2024, ina bakin kasuwar garin Dadu a cikin kekena mai ƙafa uku ina jiran fasinja, ɗanki Mithal ya kira ni a waya. Ko sallama bai yi ba. Ya ce, "Mamo," wato kawu, "ka taho gida, ta cika." Na kashe inji na zauna riƙe da wayar, har wata mata mai kwandon albasa ta gaji da tambayata ko zan je, ta wuce. Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. Adi Sadori, yayata, uwata bayan uwata, kin riga mu.

Na daɗe da sanin wannan kiran yana tafe. Tun bara idanunki suka yi rawaya, awarwaron da ke hannunki ya koma yana zamewa har gwiwar hannu. Duk da haka da ya zo, sai na ji kamar ban taɓa shirya masa ba.

Ban san fuskar mahaifiyarmu ba, taki na sani. Ke kika goya ni kina manna kashin shanu a bango ya bushe. Ke kike yaye mini saman madarar ɓaunar da muke kiwo a ɓoye, ki ce wa Baba kyanwa ce ta sha. Ranar da za a kai ki gidan Alladino na rungume ƙafar amalanke ina ihu, kika ce ba za ki motsa ba sai da ni, aka ɗora ni a kan kayan ɗakinki. Alladino ya dube ni ya ce shi dai ya yi sa'a, an ba shi amarya har da gyara. Yau gemuna ya yi fari, amma bai taɓa kirana Khamiso ba, Gyara yake ce mini.

Waɗanda suka san ki daga baya sun san ki ne da akwatin girki, suna zaton son abin zamani ne ya kama ki. Ba su san daga inda abin ya faro ba. A ambaliyar 2010 duk ƙauyenmu ya hau jingar da aka yi don tare ruwa, muka zauna a kanta jere kamar tsuntsaye. Kashin shanun da kika tara na shekara guda ya narke ya bi ruwa, itace ya jiƙe, ashana ta lalace. Wata ma'aikaciyar lafiya ta zo a kwale-kwale tana faɗa da lasifika cewa kowa ya tafasa ruwa kafin ya ba yara. Kika tambaye ta da me za a tafasa shi, kwale-kwalen ya wuce gaba da ita. Autarki Zebu, wadda ba ta daɗe da fara magana ba, ta sha abin da kowa ke sha. Gudawa ta tafi da ita. A gefen jingar muka binne ta, domin maƙabartar ma tana ƙarƙashin ruwa.

Bayan ruwa ya janye wata ƙungiya ta zo ta raba wa mata akwatunan girki masu aiki da rana. Akwati ne mai baƙin ciki, da murfin gilashi, da madubi mai tura haske ciki, da ƙananan baƙaƙen tukwane huɗu. An nuna yadda ake yi, an ɗauki hoto, an tafi. Kafin shekara ta zagayo, wasu sun koma ma'ajiyar tufafi, wasu ana renon 'yan tsaki a ciki, madubin wani kuwa yana rataye a shagon wanzami har yau. Naki ne kaɗai ya zauna a kan aikinsa.

Kullum da hantsi kina fito da shi tsakar gida, ki wanke shinkafa, ki auna wake da ruwa kaɗan, ki rufe, ki juya madubi ya fuskanci rana. Duk abin da kike yi, ko tatsa ko ɗinki, ido ɗaya yana kan inuwar akwatin. Da ta karkata sai ki tashi ki juya shi. Wanda ya buɗe murfin kafin lokaci ya gamu da ke, ko da limamin gari ne. Gurasa kawai kike yi a wuta, domin ita akwati ba ya iya ta. Kifin tafkin Manchar da kike dafawa a ciki da tsamiya da barkono, har ƙayarsa ta yi laushi, ban ƙara cin irinsa ba a ko'ina. Lokacin tsinkar auduga mata suna kawo miki tukwanensu kafin su tafi gona, su dawo da azahar su tarar da abinci da zafinsa, ba ki taɓa karɓar komai a hannunsu ba.

An yi miki dariya sosai, kuma mijinki ne shugaban masu yi. A gaban baƙi yakan ce, "Matar kowa mijinta take tambaya me za a dafa. Tawa sama take tambaya." Ke kuma ba ki ɗaga kai daga ɗinkinki, sai ki ce, "Ku dubi cikin mai maganar, ku gaya mini ko sama ta taɓa barinsa da yunwa." Wata rana na tambaye ki da gaske me ya sa kike wahalar da kanki alhali ga itace a bayan gida. Kika ce ruwan zai dawo, kuma ranar da ya dawo ba za ki tsaya koyon yadda ake juya madubi ba da yaro yana amai a cinyarki.

Ya dawo a daminar 2022, ya fi na farko. Ina gidanku a lokacin. Da aka ce jingar yamma ta fashe, kowa ya kama abin da ya fi so. Alladino ya kwance ɓauna, Mithal ya ɗauki matarsa da jaririyarsu. Ke kika bar keken ɗinki, kika bar akwatin aurenki, kika naɗe gilashin a bargo kika ɗora akwatin girki a ka. Na bi bayanki da tukwane, ruwa yana dukan ƙirjinmu.

Da farko bai yi mana amfanin komai ba. Sama ta rufe, ruwa yana zuba ba tsayawa, akwatin yana ajiye a ƙarƙashin leda ya cinye wurin kwanan mutum guda. Masu wucewa suna ce miki, "Adi, ki yi wa ranarki magana ta fito mana." Kika ƙara gyara wa akwatin ledarsa. Da ruwan sama ya ɗauke, rana ta fito da irin zafin da ke sa kwalta ta yi laushi, masu wannan maganar su ne suka fara layi a bakin tantinki.

A nan kika yanke hukuncin da ya sa gidanki ya kwana biyu ba ya yi miki magana. Tukwane huɗu ne, ƙanana, kuma rana ba ta ba da fiye da dahuwa biyu a yini. Ko a dafa abinci, ko a dafa ruwa. Kika ce ruwa, kuma na jarirai ne da masu shayarwa. Mu manya muka koma jiƙa shinkafa muna tauna ta ɗanya, da busasshen dabino in an jefo daga kwale-kwale. Kina ninka mayafinki ki tace ruwan, ki zuba, ki rufe, ki zauna a gefensa cikin ranar nan har sai gilashin ya yi gumi tukwane sun ƙi taɓuwa. Sa'an nan ki raba da kofin shayi. Akwai yara a ƙauyenmu da ke gudu a tsakar gida yau, waɗanda iyayensu suka san daga hannun wa suka sha.

Amma ba duka ba. Wata rana bayan la'asar wata mata ta iso daga can ƙarshen jingar. Ba 'yar garinmu ba ce, sunanta Nuran. Ta ji labari ne ta taho a ƙafa, da ɗanta a kafaɗa, idonsa ya riga ya faɗa ciki. An gama rabo, rana ta yi sanyi. Kika riƙe hannunta kika ce ta dawo gobe da hantsi, tukunyar farko tata ce. Washegari hadari ya taso ya rufe sama, ya ƙi zubarwa, ya ƙi washewa. Kika yini kina juya akwatin da babu abin da zai kama. Ranar da rana ta sake fitowa ba ki jira ta zo ba, kika naɗe tukunyar farko a zane muka bi jingar muna tambaya. Muka same ta zaune a bakin leda, cinyarta babu kowa.

Ta dubi tukunyar, ta dube ki, ta ce a hankali, "Kin ce gobe. To ga goben, sai ki ba shi." Da kika miƙa mata duk da haka, sai ta kau da kai ta ce, "Mayar da abinki. Ki ba 'ya'yan garinku."

Kika mayar da tukunyar cikin zane muka juyo. Sai da muka yi nisa a hanyar komawa kika tsaya kika ce mini, "Khamiso, akwai saura a ranar. Kofi guda. Na ɓoye wa 'yar Mithal." Na ce kowace kaka haka za ta yi. Na ce kofi guda ba ya ta da yaron da ya kai wannan halin, kuma daga baya wani ma'aikacin lafiya ya faɗa miki haka da bakinsa. Ba ki yi musu ba, ba ki kuma yarda ba. Ba asirinki nake tonawa ba, Adi, domin ke da kanki kin faɗa wa duk wanda ya zo yaba miki, kamar mai tsoron a ba ta ladan da ba nata ba.

Daga ranar ba ki ƙara kai ruwan akwatin bakinki ba. Ɗan kurɓin da kike taɓawa a da ma kina ajiyewa saboda wanda zai iya zuwa a makare, ke kuma ki sha wanda aka tace da mayafi kawai. Alladino ya yi faɗa, ya yi roƙo, har ya yi kuka, abin da ban taɓa gani ba. Ruwan ya yi watanni kwance a gonaki, ya yi kore, sauro ya tashi a kansa. Zazzaɓi ya kama ki ya sake ki, ya sake kama ki. Daga baya likita a Hyderabad ya ce hanta ce, kuma ta riga ta yi nisa. Bai ce daga wannan ruwan ba ne. Ni dai na san lafiyayya kika hau jingar nan, kuma ba haka kika sauko ba.

Da muka koma, ƙauyen da muka tarar ba shi ne muka bari ba. Audugar ta ruɓe, ɓaunar ta mutu, gishiri ya fito fari a kan ƙasar da ake shuka alkama. Duk da ciwonki kin tara mata a tsakar gida don ki koya musu girkin. Sun zo da farko, saboda kunyarki. Daga nan wannan gidan ya kulle ya tafi Karachi, wancan ya tafi aikin bulo a Kotri, har ya zama ke kaɗai ke zaune kina bayani ga 'yar jikarki da ba ta kai fahimta ba. Gilashin ya tsage a hanyar dawowa. Mithal ya sa masa na taga, amma ba ya riƙe zafi kamar da.

Abu ɗaya kika roƙe ni a duk zamanmu, kika ce in nemo miki Nuran. Na je garinsu na tarar da kangaye. Aka ce suna Kotri, na bi wuraren toya bulo ɗaya bayan ɗaya, aka ce sun wuce gaba, ba wanda ya san ina. Da na zo yi miki barka da babbar sallah kina kwance a gadon igiya a inuwa, ba ki iya ko taɓa naman ba. Kika tambaye ni da ido, na girgiza kai. Kika ce, "To, bari haka nan, ka huta. Can za mu haɗu, ta ƙarasa faɗa mini abin da ke ranta."

Mun binne ki da yamma a sabuwar maƙabarta ta kan tudu. Mutanen da suka rage a garin ba su cika sahu uku ba. A zaman makoki an yi miki addu'a, an faɗi alherinki, daga nan hira ta koma kan wanda zai tafi kafin damina ta kankama da wanda ba shi da inda zai je. An ce jingar da aka gyara ta soma zaizayewa. Ban ji wanda ya yi maganar shirin dawowar ruwa ba. Na so in tashi in yi, sai na ga ban san abin da zan ce musu ba, domin wadda ta fi kowa shiri a cikinmu ita ce muka baro a kan tudu.

Ya Allah, ga baiwarka Sadori ta zo maka. Ka san abin da ta bayar, ka san abin da ta ɓoye, kuma ka fi ta sanin nauyin kowanne. Ka gafarta mata, ka sanyaya makwancinta, ka shayar da ita ruwan da babu ƙishirwa a bayansa. Ka haɗa ta da Zebu. Ka sanya sanyi a zuciyar Nuran a duk inda take, ko da labarin nan bai taɓa isa gare ta ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinta Alladino, wanda tun ranar Laraba bai yi wa kowa zolaya ba, da Mithal da iyalinsa, da matan ƙauyenmu na gida da waɗanda suka watsu. Allah ya ba mu haƙurin rashinta. Mu da muka rage a bakin wannan ruwa kuwa, ya Ubangiji, in ya sake zuwa, ka tausaya wa yaran.