Tokar Da Na Barbaɗa

Ɗiyata ta biyu tana da shekara uku lokacin da tari ya kama ta. Wata biyu tana yi. Na ba ta zuma, na ba ta jiƙo, a banza. Munduwar da ke hannunta sai da ta koma zamewa har gwiwar hannu. Ubanta direban motar siminti ne, yana bisa hanya, don haka ni kaɗai na goya ta daga Malbaza zuwa likita a Konni.

Malamar da ta duba ta ta ce tana zaton tarin fuka ne, amma ba a fara maganinsa da ka, sai an gwada kaki. Ta miƙo ɗan gwangwanin roba. Yarinya ta yi tari har idonta ya yi ja, kakin ya taso, ina jin shi, sai ta haɗiye abinta. Sau huɗu. Ni kuwa ba ni da haƙuri, kowa ya sani. Na ɗaka mata duka a baya na ce, "Tofar mana, don ubanki." Ta dube ni, ko ƙarfin kuka ba ta da shi.

Malamar ta riƙe hannuna. "Bar ta, yaya. Yara ba su iya tofarwa ba. Ki je gida ki kawo mani kashinta."

Na ce a raina matar nan ta raina ni. Ciwo a ƙirji, a ce a duba can?

Washegari da safe yarinya ta tsuguna bayan ɗaki. Kafin in yi tunani hannuna ya riga ya ɗebo toka a murhu ya barbaɗa. Haka innata ke yi, haka tata innar. Kuma gaskiya kunya nake ji baƙuwa ta buɗe ta gan shi tsirara. Na kwashe da tokar da ƴar ƙasa, na zuba a gwangwanin, na rufe, na koma Konni ina jin na yi tsabta.

Malamar ta buɗe, ta rufe. "Toka ce wannan?" Na ce toka ce. Ta ce na'urar gwaji ba ta karɓar gauraye, sai na kawo wani. Sannan ta zaunar da ni ta yi mani bayani. Kakin da yaro ke haɗiyewa ba ɓacewa yake ba. Daga huhu yake tasowa da ƙwayar cutar, ya bi ciki, ya fito, na'urar kuma ta gane alamarta a ciki. In kashin bai samu ba, sai a zura roba ta hanci har ciki a zuƙo.

Yarinyar da ba ta cin abinci, ina za ta samo wani? Kwana biyu ina bin ta da leda mai tsabta, ina lallashi da kunu cokali-cokali. Ni da na tashi ina rufe abin nan tun kafin ya huce, ga ni ina roƙon Allah ya kawo shi. Duk tarin da ta yi a kwanakin nan, a wuyana nake jin shi, don ni na jawo jinkirin.

Rana ta uku ya zo, bai fi ƙwallon dabino ba. Na kai shi Konni rungume a ƙirji.

Da sakamako ya fito malamar ta ce, "An gani. Shi ne." Na ce alhamdu lillahi da ƙarfi, har matar da ke kusa da ni ta matsa gefe. Ba ta san wata biyu ina faɗa da abin da ba shi da suna ba. Yanzu ga suna, ga magani na wata shida.

Har yau abin na ba ni mamaki. A ce Allah ya buɗe hanya daga huhu zuwa can, kuma wani ɗan Adam ya zauna ya gano ta.

Yarinyar tana lakwal yanzu, tana karatun boko, munduwar ta yi mata kaɗan. Ba ta tuna dukan da na yi mata ba. Ni ina tunawa, don haɗiyar da na dake ta a kai ita ta cece ta.