Mai Dagi da Murfin Adaka

Shekara arba'in Mai Dagi ya yi yana haƙa wa mutane rijiya, kuma sau biyu rak ya taɓa haƙa ramin da bai ba da ruwa ba. Su ma biyun, masu gidan ne suka kafe sai a inda suke so. Ba karatu gare shi ba, ƙafa gare shi da haƙuri. In ka kira shi aiki, kwana uku ba ya taɓa dagi. Zagaye fili kawai yake, hannuwa a baya, safe da rana da yamma, yana duba inda raɓa ke daɗewa ba ta bushe ba, da inda ciyawa ta ƙi mutuwa, da inda tururuwa ke fito da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Duk inda ya yi zato sai ya kafa fegi. Rana ta huɗu ya tuge sauran ya bar ɗaya. Masu gaggawa suna cewa ragwanci ne, amma har yau ruwansa suke sha.

Da motocin haƙa burtsatse suka shigo, sai aka daina nemansa. Ya jingine dagin a bayan ƙofa, ya koma zaman gindin bishiya yana gyara wa mutane zance.

Abin da ya tashe shi daga gindin bishiyar nan Auta ce, 'yarsa ta ƙarshe. Aikin ungozoma take so ta koya. Ta ci jarrabawar rubutu, saura ganawa da malaman makarantar ta kiran bidiyo a waya. Bara ma ta kai nan. Tana cikin amsa tambaya ta biyu hoton ya daskare, bakin malama a buɗe kamar mai hamma, kafin sabis ya dawo sun wuce zuwa ga wata. Shekara guda ta tafi a banza. Bana kuma an sa mata Alhamis ta sama, ƙarfe sha biyu na rana, ga shi damina ta karya gadar kogi, balle a ce ta tafi birni ta yi a can.

Yayanta, direban babbar mota, ya aiko mata da wata 'yar na'urar intanet, fara, kamar sabulun wanka, har mutanen gidan suka raɗa mata suna Sabulu. Ita ke kamo sabis ta raba wa waya. Sai dai tun da ta zo, in Auta ta buɗe abu, ɗan zoben nan ne zai yi ta juyi, ya yi ta juyi, har mutum ya ji jiri.

Aka kira Mai Caji, mai rumfar cajin waya a bakin kasuwa, wanda duk garin ke ɗauka likitan waya ne don kawai yana da tabarau. Ya ce a kashe a kunna. Aka yi. Ya ce a ƙara data. Aka ƙara. Ya ce to ai matsalar daga kamfani ce, ya sha ruwa ya tafi.

Mai Dagi yana ji daga zaure. Ya shigo tsakar gida ya ce, "Auta, wai ina ita Sabulun take zaune ne?"

"Tana wajen Inna."

"Wajen Inna ina?"

Inna ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Tana cikin adakata, a kulle. Abin da ɗana ya aiko daga nesa zan bari a kan taga, kaza ta yi masa kashi?"

Adakar kuwa ta ƙarfe ce, tun ta aurenta, tana ƙarƙashin gado, a ɗaki mai rufin kwano. Sabulu na can ciki a kunne, an naɗe ta cikin sabon zane, an kuma danne da wani. Da rana ake fito da ita a yi mata caji a ɗaki, a maida ta a datse da kwaɗo.

"Malama," in ji Mai Dagi, "ko ni kika sa a nan ciki kika rufe, wa zai ji muryata?"

"Da na huta," in ji Inna. Amma ta kwance makulli daga bakin zane.

Da Sabulu ta fito tsakar gida ta sha iska, abu ya ɗan motsa. Auta ta yi tsalle ta ce an gama. Tsohon ya ce ba a gama komai ba. Ruwan da ya taso a rana ta farko bai taɓa yarda da shi ba.

Ya ɗauko fegunansa daga rumbu. Ya ce Auta ta nuna masa abu biyu kawai: 'yan sandunan da ke nuna ƙarfin sabis, da yadda ake kiran yayanta ta bidiyo. Kwana uku suna zagaye gida da bayan gida, shi riƙe da Sabulu, ita riƙe da waya, direba kuma a can yana ƙirga ɗaya, biyu, uku da ƙarfi. Inda ƙirgar ta tafi ba tuntuɓe, a kafa fegi. Matan unguwa suka riƙa leƙe ta katanga suna cewa tsufa ya fara taɓa Mai Dagi, rijiya yake nema a sama.

A cikin zagayen ya gane abubuwa. Ɗaki mai kwano ba ya yi. Gindin bishiya mai duhun ganye ba ya yi, musamman in an yi ruwa. In ya ɗaga hannu sama abin ya fi gudu, don haka ya ɗaure Sabulu a kan doguwar gora. Mafi kyawun wuri shi ne ƙofar gida, inda ake hango ƙarfen sabis na bakin kasuwa tsaye ƙiƙam. Nan sanduna huɗu cur.

Rana ta huɗu ta kama Alhamis, ranar kasuwa, saura mako guda a yi ganawar. Da hantsi suka tsaya a ƙofar gida, sanduna huɗu kamar kullum, amma direba ya ce "ɗaya", bai kai ga "biyu" ba sai da Inna ta gama tsane shinkafa.

Auta ta zauna a dakali, ido ya ciko. "Baba, irin wannan ranar ce fa. Bara ma ranar kasuwa ce."

Mai Caji ya zo wucewa, ya karɓi wayar ya duba ta saman tabarau. "Ai sabis a cike yake, Baba. Ga shi nan huɗu. Wayar ce ta tsufa."

 Mai Dagi kasuwa yake kallo. Mutanen ƙauyuka goma sha sun cika ta, masu awaki, masu hatsi, 'yan babur, kowa waya a kunne ko a hannu. Ya san wannan tun yana saurayi. Ya sha ganin rijiya cike da ruwa amma mutum ya wuni bai cika tulu ba, don guga hamsin ne a bakinta.

"Wannan ƙarfen kaɗai ne a duniya?" ya tambayi Mai Caji.

"Akwai wani a hayin kogi, amma ya yi nisa. Na'ura ba ta barin na kusa ta kama na nesa."

"In ba ta ga na kusan ba fa?"

Mai Caji ya yi dariya ya ce rana na yi, ya wuce.

Suka bi fegunan ɗaya bayan ɗaya, duk shiru. Sai a na ƙarshe, wanda Mai Dagi ya kusa tugewa jiya don sanda biyu kawai yake bayarwa, can bayan rumbu, jikin tsohon tankin ruwa na ƙarfe. Nan ƙirgar direba ta tafi sumul har arba'in. Tsohon ya matsa taku uku daga tankin, sanduna suka koma huɗu, murya ta maƙale. Ya dawo jikin tanki, sanduna biyu, murya ta saki. Sau biyar yana yi. Tankin ne ya tare kasuwa, Sabulu ta rasa na kusa ta juya hayin kogi, inda ba kowa sai shanu.

Matsalar ita ce a ƙasa jikin tanki hoton yana yayyagewa, sama kuwa in an ɗaga gora ta wuce tankin, sai ta sake hango kasuwa. Ana buƙatar ƙarfen da zai hau sama tare da ita ya tsaya mata a baya. Mai Dagi ya juya ya dubi ɗakin Inna.

"Kada ma ka fara," in ji Inna.

"Murfin kawai."

"Murfin adakar aurena? Shekara arba'in da biyu ko ɓera bai shiga ba, kai za ka ɓalle?"

"Ke kika fara gano ƙarfe na tare sabis. Ni aikinki nake ƙarasawa."

"Ji daɗin baki! Da haka ka haƙa wa babana rijiya ka tafi da 'yarsa."

Ta dubi Auta, ta dubi adaka. Da kanta ta ɗauko masa guduma.

Ya ɗaure murfin a kan gora da igiyar guga, bayansa na kallon kasuwa, cikinsa na kallon kogi, Sabulu a tsakiya cikin jakar leda saboda yayyafi. Ya haƙa wa gorar rami da dagin da ya shekara tara bai taɓa ƙasa ba. Kafin kasuwa ta watse suka gwada, direba ya ƙirga har ɗari biyu ya ce shi kam ya gaji, yana da kaya a mota.

Ranar ganawa Auta ta zauna a kujera bayan rumbu, an rataya farin zanen gado a bayanta don kada malamai su ga kaji. Sha biyu daidai fuskoki uku suka fito tar. Ta amsa tambaya ta farko, ta amsa ta biyu. Ana cikin ta uku iska ta taso, ta bugi murfin, gora ta fara juyawa a raminta. Hoto ya soma rawa.

Mai Dagi ya yunƙura, gwiwa ta ƙi. Kafin ya miƙe Inna ta riga ta isa. Ta rungume gorar nan da hannu biyu, ta murɗa ta har murfin ya sake ba kasuwa baya, ta kafa ƙafa ta tsaya. Shi kuma daga zaune yana nuna mata da hannu, kaɗan dama, ya isa. Rabin awa tana tsaye a rana, tana harararsa, ba halin magana. Mutanen unguwa sun ce ba su taɓa jin gidan nan shiru haka ba.

Da ɗaya daga cikin malaman ta ce sun gode, Auta za ta ji saƙo, Inna ta saki gora ta ce, "Saura kuma ka ce kai ka yi."

Saƙon ya zo bayan kwana tara: an ɗauke ta. Da aka gyara gada ta tafi, da adakar Inna a kan mota, an rufe bakinta da buhu an ɗaure da igiya, don murfin yana can sama har yanzu.

Tun daga nan Mai Dagi bai koma gindin bishiya ba. Mai shagon magani ya kira shi, shugaban makarantar firamare ya kira shi, har Mai Caji ya zo a ɓoye ya ce a duba masa rumfa. Sharaɗinsa bai canza ba: kwana uku na zagaye, sai dai yanzu dole ɗaya ta zama ranar kasuwa. Wanda ya nuna masa sanduna huɗu ya ce ai nan ya yi, sai ya kwashe fegunansa ya ce to a haƙa, shi ya tafi gida.