Ƙarfen Sarsan a Kornaka

Mun tashi da asuba daga Dakoro, mu huɗu da jakuna uku. Abokan tafiyata fata za su kai kasuwar Kornaka, ni kuwa ƙarfi zan je nema, ina da shekara sittin.

Sana'ata rubuta wa mutane wasiƙa, hannuna bai san komai ba sai alƙalami. Da damina ɗana ya rasu, ya bar shanu biyar da ƴaƴa mata ƙanana. A rijiyarmu sa ne ke jan igiya, amma mutum ne ke ɗaga guga daga baki ya juye a kwamin da dabbobi ke sha. Na gwada, na kasa. Maƙwabta suka ce in sayar da shanun kafin rani.

Hanyar da kwamandan Nasara mai mulkin yankin ya sa aka share rairayi ya cinye rabinta. Motar Nasara ɗaya muka gani, mutanen ƙauye na tura ta, jakunanmu suka wuce ta ba ko sallama. Mun sha fura a wata ruga, nono da arha, gero da tsada. Kwana biyu muka yi.

Wanda aka kwatanta mini tsohon soja ne, ana ce masa Sarsan. A bariki ya koyi ɗaga ƙarfe. Nasa doguwar sanda ce da ya ciro daga matacciyar mota, da jakar fata cike da rairayi a kowane gefe. Ya nuna mini yadda zan miƙe baya, in ɗaga da ƙafafu.

Mako guda ina ɗagawa kullum. Cinyoyina suka ƙage, barci ya ƙi, har sujada sai da dafa bango. Ranar Alhamis ƙarfen ya ƙi barin ƙasa. Sarsan ya miƙo mini ƙwaryar fura, na ce ina azumi.

"Azumin mi, Malam? Watan bai kama ba."

Na ce Litinin da Alhamis nake yi tun rasuwar yaron. Sannan ya kwance jakunkunan, ya kwashe ƙwarya uku-uku ya zubar.

"Ban hana ka azuminka ba, wannan tsakaninka da Allah ne. Amma Talata da Asabar kaɗai za ka taɓa ƙarhen ga. Sauran kwanaki ka ci tuwo, ka kwanta. Jikin tsoho a kwance yake yin ƙarhi. Kai so kake ka zama ɗanka cikin sati guda."

Gaskiya ya faɗa.

Na ƙara mako biyar a gidansa. Duk Asabar yakan mayar da tafi ɗaya na rairayi, ranar da ya ga ina ɗingishi kuwa ba ya ƙara komai. Rairayin da ya zubar bai gama komawa ba na yi sallama.

Na iso Dakoro da la'asar, a gajiye. Washegari na kai gugan ɗana wurin baduku, ya rage masa girma. Yanzu ni ne na ƙarshen barin rijiya, kuma ranakun azumi maƙwabcina ke shayar mini da shanun, ni in rubuta masa wasiƙunsa. Abin da na koyo a tafiyar nan kaɗan ne: ba zan ɗauki abin da yaron ke ɗauka ba. Amma shanun nan biyar suna nan, kuma yau ma sun sha.