Gishirin Jibo Mai Gilashi

Jibo mai gilashi ba ɗan'uwanmu ba ne, maƙwabci ne kawai a Sabon Garin Gusau. Amma in ana zancen waɗanda suka yi wa gidanmu rana, da shi nake farawa.

Ɗan makiyaya ne daga rugagen bayan Bungudu. Da ciwon huhu ya cinye musu garke, sai ya shigo gari ya koyi yankan gilashi, yana sa wa mutane tagogi da madubin kabad. Ya baro daji, amma halin kiwo bai bar shi ba. Ko akuyar wani ya ga ta yi laushi, maganinsa ɗaya ne: a ba ta gishiri ta lasa. Har tsokanarsa muke yi, wai in matarsa ta yi fushi ma gishiri yake miƙa mata.

Babanmu, Malam Tukur, direban babbar mota ne mai kai shanu Legas, kuma ba shi da hira sai ta teku. A 1997 shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi. Ya daina magana, daga baya ya soma kau da kai daga abinci. Likita ya ce harshen zai iya dawowa, amma sai in shi Baban ya so. Ni da Inna muna ji muna gani yana ƙarewa, tsoro ya cika ni.

Ran nan Jibo ya shigo gaisuwa, ya daɗe yana duban Baba, sannan ya ce, "Inna, tunda Malam bai iya zuwa ga teku, mu kawo mishi ita ɗaki mana."

Na ɗauka wasa yake. Ashe har ya fara neman kayan haɗa akwatin gilashi na zuba ruwa da kifi. Gilashin taga ya ce ba zai ɗauki nauyin ruwa ba, sai da ya samo mai kauri irin na kantin magani. Gam na farko bai hana yoyo ba, ya kankare ya sake wani. Injin hura wa kifi iska a ruwa kuwa, da aka kawo masa mai aiki da lantarki sai ya mayar, ya ce wutar da ke zuwa in ta ga dama ba za a ba ta amanar rai ba. Ya zaɓi wanda zai jona da batirin tsohuwar motar Baba. Garba, abokin tuƙin Baba, shi ya taho daga Legas da jarkokin ruwan teku da yashin bakinta, da 'yan kifaye masu zane a jiki.

Ranar da aka zuba su, Baba ya juyo da fuskarsa daga bango. Na ga idonsa yana bin su.

To, sai zafin bazara ya shigo. Ruwa yana raguwa, Jibo yana cikawa da na rijiya, ya dama gishiri a ciki don ya zama na teku. Kifaye suka yi sanyi. Me makiyayi ya sani in dabba ta yi sanyi? Ya ƙara gishiri. Suka soma mutuwa ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana ƙarawa, har da irin wanda ake ba shanu. Da suka rage biyu, Baba ya mayar da fuska bango, ko ruwan kunu ya ƙi karɓa.

Wata safiya Jibo ya shigo ido ja wur, da gishiri cike da tafinsa. Ya ɗaga hannu ke nan, sai muka ji Baba yana dukan gado da hannunsa mai lafiya. Ya nuna ruwan, ya nuna bakinsa. Na ɗebo a kofi, ya tsoma yatsa ya ɗanɗana, ya yamutsa fuska.

"Ya... yi... yawa."

Tun kwanciyarsa ba mu ji muryarsa ba.

Inna tana kuka tana faɗa. "Kai Jibo, mi kay yi haka? Miya in ta tsotse bisa wuta, ruwa akan ƙara mata ko gishiri? Rana ruwa ɗai taka sha, gishirin yana nan!"

Jibo ya dubi tafinsa, kunya ta kama shi, ya ce, "Wallahi Inna, na aza lasa suka so."

Kaɗan-kaɗan ya riƙa tsarma ruwan da na rijiya zalla, kifayen biyu suka farfaɗo. Daga ranar ya kafa wa kansa doka: ba ya taɓa ruwan sai Baba ya ɗanɗana. Kullum kafin ya buɗe shago zai shigo, ya tayar da Baba zaune, ya durƙusa ya miƙa kofi ya ce, "Malam, kai kas san teku. Yaya yau?"

Har yanzu ina godiya ga Allah da ya haɗa mu katanga da mutumin nan, da kuskurensa duka. Ruwan gishiri ba ya barin baki lafiya, dole a bi shi da wani abu. A safiya ta uku da fara ɗanɗanon, Baba ya tofar, ya goge baki, ya waiwayo inda nake.

"Maimuna," ya ce, "kawo kunun."